Ranar da Na Tashi Korar Malamin Lissafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyauta a kolej ɗin su Issufu ba. Ko na so in manta, mutanen Gidan Rumji ba za su bar ni ba, don har yau in na ratsa kasuwa akwai tsofaffin da ke ɗaga mini hannu su ce, "Barka da fitowa, mai duba malamai!" Ni kuwa sai in tsuke fuska in wuce, kamar ba da ni ake ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce. Ni mace ce mai sa ido. Ban taɓa zama a lakol, wato makarantar boko, ba, amma a unguwarmu ba a yin abu ban gani ba. Na san akuyar da ta ci waken gonar wane, na san budurwar da ta daɗe a rijiya da abin da ya tsayar da ita. Yara in sun hango ni da tulu sai su sake hanya. (A lokacin na ɗauka girmamawa ce.) Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, taƙamata kuma ɗaya ce a duniya: abin da idona ya gani ya ganu, ba mai sake mini shi.

Issufu ɗan marigayi ƙanena ne, a hannuna ya tashi. Shekarar da dogaran sarki suka zo ɗiban yara lakol, cikin rumbu na saka shi, na lulluɓe shi da zangarniyar gero. Atishawa ce ta tona shi. Na yi kuka, na yi zagi, aka tafi da shi. Sai ga yaro ya yi ta wucewa aji bayan aji, ya ci satifika, kuma daidai shekarar da muka samu 'yancin kai aka ce an ɗauke shi kolej a birni. Lokacin Turawa na ta naɗe kayansu, kowane buro, wato ofis, na neman 'ya'yan ƙasa. Nan take na juya. Ni da na ɓoye shi a rumbu, ni ce kuma na bi gida-gida ina cewa tun yana goye na san ɗan nan zai riƙe alƙalami.

Da shekarar farko ta ƙare, Issufu ya dawo hutun damina a rame, bayansa duk shatin bulala, bakinsa ɗauke da mugun labari. Lissafi ya kayar da shi. Direkta ya ce an yi masa afuwa bana, amma in ya sake faɗuwa baɗi za a sallame shi, ya dawo gida ya riƙe hauya. Na tuna duk gidajen da na shiga ina cika baki.

Na zaunar da shi na ce, "Wa ke koya muku lissafin?"

"Mushe Sanda, Gwaggo." (Mushe shi ne malamin lakol, ga wanda bai sani ba.)

"Yana duka?"

"Ƙwarai kuwa."

"To madalla. Ashe kai ne ba ka da kai."

Ya ce, "Gwaggo, cika allo yake da rubutu ya ce mu hardace. In ka tambaye shi dalilin abu, sai ya ɗauko bulala."

Na ce, "To mi kake so, ya goya ka?"

Kada ku ga laifina da yawa. Karatun da na sani shi ne na zauren yayana, Yaya Malam, limamin unguwarmu, wanda katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Can in ka ji yara na ɗaga murya, tsumagiya na tashi, ka san karatu na shiga. In ka ji shiru, to malam ya yi tafiya ne, don duk rani bayan an ɗaure gero yakan tafi Katsina ya yi 'yan watanni, ni ce ma mai yi masa guzurin ƙuli-ƙuli. Saboda haka da na auna maganar Issufu, sai na ga matsalar a fili take: dukan ne bai isa ba.

Cikin hutun nan na kai man gyaɗa birni. Na ware kwalba ɗaya ta musamman, na ɗauko dorinar marigayi maigidana daga jikin bango, na ce zan kai wa Mushe Sanda duka biyun: man don girmamawa, dorinar don aiki. Na yi tambaya har na iso kolej. Mai gadi ya ce malamai na ciki, wai "sitaj" suke yi, in zauna gindin bishiyar bedi in jira. Ban tambaye shi mene ne sitaj ba. Abin da na tambaya kawai shi ne kamannin Mushe Sanda, ya ce dogo ne mai tabarau. Yana juya baya na zagaya ta bayan ɗakin. Ni ba a ce mini in jira alhali ga taga a buɗe.

Jama'a, abin da na gani!

Ƙarti ne manya-manya, wasu har da gemu, an cusa su cikin kujerun yara, gwiwoyinsu na neman taɓa haɓa. A gabansu wani gajeren mutum mai sanƙo riƙe da alli yana ta bayani. Gaban kowanne an ajiye faifai da zare, irin faifan da nake rufe ƙwarya da shi. Ga dogon mai tabarau can a tsakiya, ya ɗaga ɗan yatsa sama kamar yaron da ke neman izinin fitsari. Gajeren ya kira shi allo. Ya fita, ya yi magana, ya yi rubutu, gajeren ya girgiza kai, ya sa tsumma ya goge rabin abin da ya rubuta, ya ce ya sake. Ya sake, gumi na tsiyaya, sauran na dariya, shi ma yana dariya don rashin kunya. Daga nan duk suka duƙufa suna naɗa zare a bakin faifai kamar 'yan mata masu wasan gida.

Na ce a raina, shi ke nan, na gano. Na rungume kwalbata da dorinata na juyo. Mai gadi na kira, "Inna, ba ki gan shi ba?" na ce, "Na gan shi har ya yi yawa."

Washegari a bakin rijiya na sami Barira, taubashiyata, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Na ce, "Ke, kin san abin da ke kayar da yaranmu? Malamin su Issufu shi ma faɗuwa ya yi. An mayar da shi aji. Da idona na gan shi kan kujerar yara, ana goge masa allo."

Barira ta saki guga. "Ke dai, tsohuwar banza, ki ji tsoron Allah!"

"Na rantse. Har faifai aka ba shi ya yi wasa."

Kafin kasuwa ta zagayo, labarin ya kai Cadakori, ya biya Gidan Sori, ya dawo mini da ƙari, wai har an ga malamin durƙushe an ɗora masa dutse a ka. Ban gyara ba. Issufu ya yi ƙoƙarin buɗe baki, "Gwaggo, ba haka ba ne, sitaj ai..." na ce, "Rufe mini baki. Kai ka gani ko ni?" Ya rufe. A gidana yaro ba ya ƙarasa magana in na riga na san ƙarshenta.

Aka koma lakol. Da ya dawo ɗan gajeren hutun tsakiyar shekara, abin da na fara yi shi ne leƙen bayansa da ya tuɓe riga zai yi wanka. Sumul. Ko shati ɗaya babu. Kumatu sun fito, har da fito yake yi yana shara. Sai kuma ya ɗauki abawata, wadda na kaɗa da hannuna, ya bi gida yana auna duk abin da ke da zagaye: faifai, bakin tukunya, gindin turmi, har rumbun da na taɓa ɓoye shi ciki.

Ya zo da murna ya ce, "Gwaggo, zo ki ga abin mamaki. Ki auna faɗin faifan nan da zare, sa'an nan ki zagaya bakinsa. Zagayen zai ninka faɗin sau uku da ɗan ɗoriya. Ki je bakin rijiya, haka. Ki je rumbu, haka. Babba da ƙarami duk ɗaya!"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini, ni na auna. Mushe Sanda ya fitar da mu bakin rijiyar lakol, kowa da zarensa. Bara ya rubuta mana wannan abin a allo mun hardace, ban san ko na mene ne ba. Yanzu kuma in ka yi kuskure ba ya duka, sai ya ce, zo ka nuna mana ta inda ka bi."

Na yi salati. Ga hujja ta biyu ta zo har gida. Malamin da ke tambayar yara ta inda suka bi, ai shi ne hanya ta ɓace wa. An mayar da shi aji bai gane ba, ya dawo yana neman yara su koya masa, kuma kunya ta hana shi dukansu. Na ƙwace abawata na ce kada ya sake taɓa mini kaya.

Ƙarshen shekara, direban kamiyon da ke ɗaukar gyaɗa ya tsaya ƙofar gidana ya ce direkta na son ganin iyayen Issufu ranar Asabar, kuma kumandan, mai mulkin yankinmu, da kansa zai zo. Iyakar saƙon ke nan. Ku da kuka tashi bayan 'yanci ba za ku gane ba. A zamaninmu in an kira sunanka gaban kumandan, abu uku ne: haraji, aikin tilas, ko gidan kaso. Ban taɓa jin wanda kumandan ya kira don ya ce masa sannu ba. Na ce to, korar ce ta zo, kuma a bainar jama'a za a yi ta. Na yi alkawari a raina cewa in maraya zai fita, ba shi kaɗai zai fita ba.

Yaya Malam ya ce zai raka ni, tun da shi ne uba. Na ci ado da zanen saƙi na biki, na soke dorina a ƙugu, na rufa mayafi a kai. A mota ya ce, "Ke, mi ke tokare miki haƙarƙari haka?" Na ce sanyi ne ya kama mini gefe.

Muka tarar an kafa rumfa a filin kolej, sabuwar tuta na kaɗawa, iyaye cike da tabarmi, 'yan makaranta a jere cikin kaki. Kumandan ɗinmu ne baƙar fata, cikin fararen kaya, gardi, ɗan sandansa, tsaye a bayansa. Malamai sun yi sahu a gefe, na hango dogona mai tabarau. Kuma wa zan gani kusa da kumandan? Gajeren nan mai sanƙo! Na ce alhamdu lillahi, har shaida Allah ya kawo mini.

Aka yi ta jawabi da Faransanci, ni dai idona nake aiki da shi. A kan tebur an tara littattafai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli an ɗaure shi da jan ƙyalle. Sai aka fara kiran suna. Yaro ya fito shi kaɗai, kansa a sunkuye, ya tsaya gaban kumandan, a miƙa masa ƙulli, a ba shi hannu, ya juya. Na gane sarai: an ɗaure wa kowa kayansa, ana sallamarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tafi. Duk yaron da aka kora sai fili ya ɗauki tafi raf-raf-raf, har da uwayen da suka haife su. Na raɗa wa matar da ke kusa da ni, "Mutanen birni ba su da imani." Ta dube ni ta matsa.

Sai na ji sunan Issufu da na ubansa.

Na gan shi ya fito, siririn wuya, kunnuwa a waje, kamar ƙanena ya dawo duniya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Yaya Malam ya kamo gefen mayafina daga tabarmar maza, na fizge, mayafin ya zauna a hannunsa, ni na yi gaba.

"Ranka ya daɗe, kumandan, a dakata!"

Gardi ya yunƙuro, kumandan ya ɗaga masa hannu.

Na ce, "Ni ce gwaggon yaron nan, ni na raine shi. Kafin a kori maraya, a fara korar wanda ya kamata." Na zaro dorina na nuna sahun malamai da ita. "Wancan dogon mai tabarau! Shi kansa bai iya ba. Da damina na gan shi da idona ta taga, an cusa shi kujerar yara, an kira shi allo ya kasa. Ga shaidata nan kusa da kai, wannan gajeren bawan Allah mai sanƙo, shi ya goge masa rubutu da tsumma. In ƙarya nake ya faɗa! Shekara guda ba duka, ba hadda, sai wasa da faifai da auna bakin rijiya, ya ƙarar mini da abawa. Yaro zai ci jarrabawa da faifai?"

Na tsaya ina haki. A raina ina cewa, yau birni ya san an zo daga Gidan Rumji.

Kumandan ya cire hularsa ya ajiye a tebur a hankali. Da Hausa tsantsa ya ce, "Inna, wa ya ce miki korarsa za a yi?"

"Ga kayansa nan an ɗaure."

"Wannan kyauta ce, Inna. Littattafai ne sababbi. Yaronki shi ya zo na ɗaya a lissafi a ajinsu, kuma ya wuce aji na gaba."

Gajeren ne ya fara. Ya sa hannu ya shafa sanƙonsa, kafaɗunsa suka soma rawa, sai dariya ta ƙwace masa. Daga nan rumfa ta ɗauka, 'yan makaranta suka ɗauka, har gardi ya juya baya yana tari. Issufu ya rungume littattafansa ya ƙura wa ƙasa ido kamar mai neman ramin shiga. Ni kuwa ga ni tsaye tsakiyar fili, ba mayafi, hannu a sama da dorina, na rasa yadda ake sauke hannu. Da na rasa abin yi, sai na ce bari in mayar da abin murna, na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Muryar ta sarƙe a tsakiya, ta fito kamar ta zakaran da ke koyon cara. (Wannan guɗar ita Barira ta fi so. Har ta rasu tana kwaikwayonta a gidan biki, ita da ba ta ma je wurin ba.)

Sai ga Mushe Sanda ya fito daga sahu. Na ce to, yau zan sha zagi da Faransanci. Ya zo gabana ya rusuna har ƙasa, da tabaransa da komai.

Ya ce, "Gwaggo, idonki bai yi ƙarya ba. Ni ne kika gani, kuma an goge mini allo, ba sau ɗaya ba ma. Turawa sun tafi, malamai sun yi kaɗan, daga kan kujerar ɗalibi aka ɗauko ni aka ba ni alli. Na san lissafi, amma ban san yadda ake sa shi a kan wani ba. Yadda aka dake ni na koya, haka na yi ta dukansu. Na ɗauka ƙofar kan yaro a gadon bayansa take. Wannan malamin namu shi ya tara mu da hutu ya nuna mana inda take, shi ne sitaj ɗin. Issufun bara shi ne na bana, Gwaggo, ni ne aka gyara."

Gajeren ya share hawaye ya ce, "Kuma ba yaronki kaɗai ba, Inna, ajin gaba ɗaya ya ɗaga bana. Da damina mai zuwa ma za su dawo mini. In kina so ki zo, amma ta ƙofa, zan ajiye miki kujera."

Mushe Sanda ya dubi dorinar ya ce, "Wannan fa, tawa ce?" Na ce tun bara tasa ce. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Issufu ya gaya mini daga baya cewa da ita yake nuna rubutu a allo har suka gama kolej, kuma sunan da yara suka sa mata Gwaggo.

A hanyar komowa Yaya Malam na ta jan carbi, mayafina na ninke a cinyarsa. Sai da muka wuce Tibiri ya miƙo mini shi ya ce, "Ke, ƙuli-ƙulin da kike yi mini duk rani, ina nake kai shi?"

"Katsina."

"In yi mi a Katsina?"

Na shiga gyaran mayafina.

"In zauna a ƙasa gaban malamina da littafi a hannu. In karanta, ya ce ban yi daidai ba, in sake. Da furfurata, da limancina. Ke kike ɗaure mini guzurin, ba ki taɓa cewa na faɗi jarrabawa ba."

Na ce, "Wannan daban."

"Ta ina?"

Na juya ina kallon gonaki. Geron bana, na ce masa, da alama zai yi kyau.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, kowa ya tafi gona, na sa sakata na ɗauko abawa da faifai. Na auna faɗi, na zagaya baki: uku da ɗan ɗoriya. Na ce faifan ne. Na ɗauko murfin tukunya: uku da ɗan ɗoriya. Na je kaskon da nake suyar ƙuli-ƙuli shekara da shekaru, wanda na rantse na san shi ciki da bai: uku da ɗan ɗoriya. Ina durƙushe gindin turmi da zare a haƙori na ɗaga kai, sai ga idon Barira ta saman darni. Ba ta ce komai ba sai, "Sannu da sitaj."

Issufu ya gama kolej, shi ma ya zama mushe. Duk damina sai a kira su su koma kujerar yara, ni kuma in ɗaure masa ƙuli-ƙuli, in ce ya zauna gaba-gaba, kuma in an goge masa allo kada ya ɓata rai. Sa ido dai ban daina ba, a wannan shekarun ba za a sake mini hali ba. Sai dai yanzu in na hango abu ta taga, nakan zagaya ta ƙofa in yi sallama in tambaya, kuma dorina a gida nake barinta.